Giyar Motar Yaya Ameer

Shekara huɗu Nana Aisha ta riƙe motar yayanta, wata 'yar ja mai ƙofa biyu da giyar hannu, wadda cikinta ke kusan jan ƙasa. Da zai tafi karatu Turai ya bar mata makullin, ya ce kada ta bari ta kwana biyu ba a tayar ba. Ba ta bari ba. Da ita take zuwa aiki daga Samaru, ta haddace kowane rami na hanyar Kwangila saboda ita.

Ameer ya dawo ranar Asabar, ya karɓi makullinsa. Ranar Alhamis ya shigo falon mahaifiyarsu, Hajiya Fatsuma, a gaban baƙi biyu da suka zo yi masa sannu da zuwa, ya jefa makullin a kan tebur.

"Ta kashe mini giya. Ta ɗaya ba ta shiga, ribas sai ƙara kamar ana niƙan gero. Dama an faɗa mini, ba a ba mace irin wannan motar."

Baƙin suka yi dariya. Hajiya ta ce a yi haƙuri, ƙarfe ne. Wannan haƙurin ya fi dariyar yi wa Nana Aisha zafi, don yana nufin an yarda ita ta yi. Daga baya ta tarar ya maimaita zancen da muryarsa a zauren dangi na waya, har da ƙari.

Washegari da safe ta tsaya masa a bakin ƙofa da mayafinta.

"Chikaji za mu, wurin Amaechi."

"Wane ne kuma Amaechi?"

"Wanda ya duba motarka shekara huɗu, Yaya."

Shi ya tuƙa. A kowace tsayawa sai ya yi kokawa da sandar giya, motar ta yi gurnani, masu Keke su waiwayo. Duk lokacin sai ya dube ta. Ita titi take kallo.

Amaechi bakanike ne, haifaffen Sabon Gari, mai furfura a gemu, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya fito daga ƙarƙashin wata bas yana goge hannu.

"Malama, kwana biyu. Wannan ne mai motar? Oga, sannu da sanyi."

"Sauke akwatin giyar," in ji Ameer. "Ina so ta gani da idonta abin da ta cinye a ciki."

"A'a, Oga. Ba a fara yanka mara lafiya kafin a tambaye shi inda ke ciwo. Kashe injin."

Ya zauna a kujerar direba, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya da inji a kashe. Duk suka shiga sumul, har ribas.

"Ka gani? In da ciki ne ya lalace, ko a kashe za ta yi gardama. Tayar."

Da injin ya tashi, ta ɗaya ta ƙi, ribas ta yi ƙara.

"To kuloci ne ba ya saki," in ji Amaechi.

"Ta ƙone shi ke nan."

"Kulocin da ya ƙone zamewa yake, ka taka totur mota ta yi ihu ba ta gudu. Tana yi maka haka?"

Ameer ya kawar da kai.

Amaechi ya buɗe bonet, ya duba man kuloci, cike yake. Ya kwanta a ƙasa da tocila, ya bi bututun da yatsa, ba ɗigo ko ɗaya. Ya sa Ameer ya taka, shi yana kallo daga ƙasa. Ya ce a sake. Ya sake cewa a sake.

"Oga, taka har ƙasa mana. Ko can ba sa cin tuwo?"

"Ƙasan ke nan."

Amaechi ya taso a hankali, ya leƙa wajen ƙafafun direba, ya daɗe a sunkuye. Sannan ya jawo wani kafet na roba, baƙi, sabo fil, mai kauri kamar katifar yara. A ƙarƙashinsa ga kafet ɗin motar na asali. Bakin sabon ya naɗe ya hau daidai inda kuloci ke sauka, har fedar ta yi masa zane.

"Malama, wannan naki ne? Ban san shi ba."

"Ban taɓa ganinsa ba. Tun Asabar ban shiga gefen nan ba."

Ameer ya gyara tsayuwa. "A shagunan PZ na saya ranar Lahadi. Don kada na asalin ya yi datti."

"Na asalin kam bai yi datti ba," in ji Amaechi. Da inji a kunne ya taka kuloci, ya sa ta ɗaya da yatsa biyu. Ta shiga. Ya sa ribas, shiru. Ya kashe injin, ya miƙa wa Ameer makullin. "Da ka ƙara wata guda a haka, da ka samu lalacewar da kake nema. Malama tana canza giya kamar tana zuba shayi. Ni dai ban taɓa canza mata komai a ciki ba sai mai."

Nana Aisha ta miƙa hannu. Ameer ya dubi hannun, ya ba ta makullin. Ta ja kujera gaba, ta tayar. Shi ya zagaya ɗaya gefen, Amaechi ya ɗora masa kafet ɗin a cinya ya rufe ƙofa.

Suka kama hanya har suka wuce Kwangila. Giya na shiga, ta biyu, ta uku, ba ko ƙis.

"Ki yi haƙuri, Nana," ya ce daga baya, a hankali.

"Ba a mota ka faɗa ba, Yaya."

"To ya kike so in yi?"

"Wayarka na aljihunka. Mama kuma tana falo."

"Haba, sai kin tozarta ni a gaban dangi a kan kafet?"

Ta sa sigina, ta gangara gefen titi kusa da masu sayar da lemo, ta kashe mota, ta zare makullin ta riƙe. Rana ta fara dukan gilashi. Mai lemo ya matso, ta girgiza masa kai.

Sun fi minti biyar a haka. Sannan Ameer ya ciro wayar, ya buɗe zauren dangi, ya danna. Ya yi sallama, ya yi gyaran murya, ya ce an samu ɗan kuskure game da motar.

"Kuskuren wa?" in ji ta.

Ya goge, ya sake daga farko. Wannan karon ya ambaci kafet, da PZ, da sunansa. Ta jira har ta ji saƙon ya shigo tata wayar a cikin jaka, sannan ta taka kuloci har ƙasa ta tayar da motar.