Ranar da Renske Ta Ja Labule

Renske ta shekara hamsin da tara, talatin da huɗu daga ciki tana auren Douwe, kuma duk ƙauyensu da ke yankin Friesland na ƙasar Holan an san ba ta tauna magana. Ta taɓa gaya wa fasto ido da ido cewa wa'azinsa na sa ta gyangyaɗi. Amma a shimfiɗa ita ce shugabar maƙaryata. Tun farkon aure take yi wa mijinta nishin ƙarya, shi kuma bawan Allah ya juya ya yi barcinsa yana jin kansa gwarzo. Ba ta taɓa kaiwa inda mata ke cewa ana kaiwa ba, kuma abin yana cin ranta.

Likitar da ke duba mata ciwon mara ce ta tono zancen. Ta ce ta koma gida ta san jikinta da hannunta, a tsanake. Renske ta fito kunya kamar ta nitse, ita da ta haifi 'ya'ya uku.

Ranar Talata Douwe ya hau kekensa ya tafi kamun kifi. Ƙarfe biyu na rana ta ja labulen ɗakin kwana, ta ƙara da na falo. Ta manta cewa a ƙauyen nan ba a rufe labule da rana sai an yi mutuwa.

An sha fama, amma ta kai. Tana kwance tana hawaye, ga daɗi ga takaicin shekarun da ta zubar, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarta Jantsje ce, cikin baƙaƙen kaya, riƙe da tukunyar miya. Tana ganin jajayen idanun Renske ta rungume ta, tana cewa Douwe mutumin kirki ne, an yi rashi. Ana cikin haka sai ga wanda ake wa makokin, Douwe, ya iso da kifi biyu.

Bayan Jantsje ta tafi da miyarta, Douwe ya tambayi matarsa abin da ya sa ta kuka. Ƙarya ta zo mata har baki, ta haɗiye ta, ta gaya masa komai.

Ya ajiye kifin.

"Ko sau ɗaya, Renske?"

"Ko sau ɗaya. Na ga kana murna, na kasa ɓata maka."

Ya jawo kujera ya zauna.

"Ai murnar da nake yi, na ɗauka kina jin daɗi ne. Ki koya mini, don Allah."