Ganyen da Tunrayo Ta Kitsa

Abu biyu aka san ni da su a unguwar Sabo ta Badun: awarata da tsabtata. Ta farkon ita ke ciyar da ni. Ta biyun kuwa ita ta ja min abin da har yau ban manta da shi ba.

Tunrayo ƙawata ce tun muna firamare a Mokola. Bayarabiya ce 'yar Katolika, ni kuma Barakatu 'yar Sabo, amma kwanonmu ɗaya. Faɗanmu na farko a kan toka ne. Wata Laraba ta shigo aji da baƙi a goshi, na kama bakin hijabina na goge mata shi tas. Ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba, ni kuwa na ce aikin banza, a taimaki mutum ya kumbura.

A watan Agusta zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta. Ta bar mahaifiyarta, Iya Tunrayo, ita kaɗai a ɗaki ɗaya bayan shataletalen Mokola, ga yanar ido ta kusa hana ta gani. Sai na ɗora wa kaina zuwa duk Juma'a da safe, in share, in wanke, in dama mata koko. Kokon ma cokali uku take sha ta ture.

Wata Juma'a cikin Fabrairu na hau kujera ina kaɗe yanar gizo, sai na ga wani busasshen ganyen kwakwa a maƙale bayan hoton Tunrayo, ya sha ƙura har ya koma ruwan ƙasa. Na ce a raina, tsohuwa ba ta gani, shara har ta hau bango. Na fizge shi. Da yake ba na jefar da abin da zai ci wuta, na cusa shi ƙarƙashin gawayi a kurfoti na ƙyasta ashana. Nan da nan ya kama. Na dama koko, na kwashe tokar na goge gindin tukunya da ita, na ɗauraye a kwata. Har yaba wa kaina na yi.

Ranar Litinin ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta da Yarbanci kamar kullum.

"Omo mi," ta ce, haka take kirana, wato 'yata, "hau ki sauko min da ganyen nan na bayan hoto. Gobe za a kai coci."

Na ce, "Iya, ganye kuma? Na me?"

Ta gyara zama, har muryarta ta ɗan washe. Ta ce Lahadin da ke kafin bikin Ista suna tunawa da ranar da Yesu ya shiga Urushalima a kan jaki, mutane na shimfiɗa masa ganyen dabino a hanya. Nan Badun ba dabino, sai su yi da na kwakwa. Fada, limamin cocinsu, ya sa masa albarka, kowa ya kitsa nasa kamar gicciye ya kai gida ya ajiye shekara guda. Ba a jefarwa. In azuminsu na kwana arba'in ya zo, sai a tattara na kowa a ƙone wuri ɗaya, tokar ita ake shafa musu a goshi ranar Larabar Toka, ana tuna wa mutum daga ƙasa yake, can kuma zai koma.

"Wannan Tunrayo ce ta kitsa shi da hannunta," ta ce. "Shi ne na ƙarshe. Wata shida ina jiran ranar nan. In aka haɗa shi da na jama'a, jibi kowa a cocin zai fito da ɗan abin hannunta a goshinsa. Ni ma haka."

Sai a ranar na san abin da na goge wa Tunrayo a aji, bayan shekara ashirin da wani abu. Na ce mata jiri nake ji, ba zan iya hawa kujera ba, zan dawo gobe. Ƙarya ce, kuma da ita na isa gida.

Maigidana Maharazu ya dawo daga kasuwar Bodija yana warin albasa ya tarar ban soya ko awara ɗaya ba. Da ya ji, sai ya ce, "Ganyen kwakwa ne fa, ya cika gari. Tunda ba ta gani sosai, ki kitsa wani mana. Kin ga kin raba ta da baƙin ciki." Da zuciya ɗaya ya faɗa, ni kuma tsoro ya sa na ga kamar hikima ce. Na samo ganye, na gasa shi sama-sama a kan wuta ya bushe, na kitsa yadda na sha ganin Tunrayo na yi. Har ƙura na shafa masa, ni da ke faɗa da ƙura.

Talata da hantsi na miƙa mata. Ta karɓa hannu bibbiyu ta kai ƙirjinta. Sai yatsunta suka fara bin kitson a hankali, suka tsaya a ƙullin tsakiya. Suka sake bi.

"Tunrayo bahaguwa ce," ta ce. "Ƙullinta hagu yake kwanciya."

Nan na zube a gabanta. Na faɗa mata komai, kujera da gawayi da tukunya da kwata, ina kuka kamar ranar da aka binne ƙawata. Na so ta zage ni, wallahi da ya fi min sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Tokar, ko kaɗan ba ta rage ba?"

"Ko kaɗan, Iya. Na wanke."

Hawaye suka bi kumatunta ba ta share ba. Can ta ce, "Kokon ranar Juma'a, da shi kika hura wutar?"

Na ce da shi ne.

"Na shanye shi duka," ta ce. "Tun da ta tafi ban ga gindin kofi ba sai ranar." Ta ajiye ganyena a gefen katifa, ba ta sake taɓa shi ba. "Gobe ki zo ki kai ni coci."

Da safe na tare mana keke napep. Na kai ta har bakin ƙofa wata mata ta karɓe ta, ni kuma na tsaya a gindin bishiya da hijabina, masu shiga na kallona. Da aka tashi suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa da baƙi a goshi, tsofaffi da 'yan makaranta da masu goyo. Na bi goshinsu da kallo, na san babu na Tunrayo a ko ɗaya, kuma ni na hana.

Iya ta fito daga baya tana laluben hanya. Tokar ta ɗan zubo mata har kan gira. Ban san lokacin da hannuna ya kama bakin hijabi ya ɗaga ba. Saura kaɗan ya kai goshinta na tsayar da shi.

Ta ji motsina. Ta ce, "Bar shi, omo mi."

Na sauke hannun na riƙe nata, muka tsallaka titi.