Wayar da Aka Kifa a Kan Matashi

Hibatullahi ta gwada manhajarta a ofis har ta gaji. Ita ta ƙera ta, rubutu ɗaya ta yi mata don Android da iPhone, kuma ko'ina tana ɗaukar murya tsaf. Sai yau, a ɗakin kakanta Malam Salmanu a unguwar Poumpoumré ta Garoua, abin ya tashi ba ta kunya.

Tsohon ya daɗe yana ƙin ba da tarihin zuwan kakanninsu Garoua. Yau da hantsi, numfashi na sarƙe masa, ya ce a kawo na'urar, sau ɗaya zai faɗa. Gwaggo Bilki ta karɓi wayar Hibatullahi, ta ɗan latsa, ta kifa ta a kan matashinsa, ta fita dama masa kunu. Hibatullahi ta zauna gefe da kwamfutar da ta jona da wayar, ta tayar da ɗaukar daga nan.

Layin murya ya miƙe a allo, ko motsi babu. Ta duba izinin makirufo, an bayar. Ta duba gadar da ke kai umarni daga manhajar zuwa ainihin Android, lafiya lau. Fayil na ta girma, cikinsa wayam. Ta kashe ta kunna, ta sauya tsarin sauti. Malam na jero sunaye da garuruwa, ita kuwa sarauniyar taurin kai idonta na kan allo, ko kalma ɗaya ba ta riƙe ba. Kuma wa zai iya ce wa mutum a wannan hali ya dakata?

Da ya gama ya juya fuskarsa bango, ta ɗaga wayar. Kira ne a buɗe.

"Gwaggo, wa kika kira?" ta tambayi Bilki da ke shigowa.

"Baffanki Abdulhalim mana, a Meiganga. A gidan nan ba a maganar zuri'a babban ɗa bai ji ba."

Kiran ne ya riƙe makirufon, Android ya bar manhajar da shiru. Baffan kuwa, don ladabi, ko tari bai yi ba.

Ta kara wayar a kunne. "Baffa, kun ji duka?"

"Ina fa, 'yata. Rezo ba kyau, layin na ta yankewa, ga ƙarar motocin shanu. Ban damu ba, na san kina ɗauka. Ki turo mini."