Lasifikar Yamusa a Gaban Majistare

Yamusa mutumin wani ƙauye ne a bayan Malumfashi, kuma maganin gargajiya gadon gidansu ne. Da noma ya daina riƙe gida, sai ya tattara saiwoyi da sassaƙe a buhu ya nufo Abuja. A Orozo yake kwana tare da 'yan garinsu, da sassafe ya hau bas zuwa Wuse, inda yake ajiye baronsa a bayan shagon wani Bakano. Baron cike yake da kwalabe da ƙulle-ƙullen gari, a samansa kuwa ya ɗaure lasifika da batir. Muryarsa ce ya naɗa a ciki, tana ta maimaita maganin basir da na shawara da na sanyin ƙashi.

Ya daɗe yana yawo kafin ya sami wata inuwar bishiya a jikin katangar wani bene, wurin da masu tasi ke sauke fasinja. Ciniki ya buɗe. Lokaci-lokaci maigadin benen kan fito ya yi masa magana da Turanci yana nuna sama. Yamusa ba ya ji, sai ya ɗauka irin korar da aka saba yi wa talaka ce. Ya ɗan gusa, in maigadin ya koma ciki ya dawo. Ai ya taɓa ji a rediyo cewa kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma shi ba zagin kowa yake yi ba.

Wata Talata da hantsi motar jami'an tsaftar gari ta tsaya a gabansa. Kafin ya kashe lasifika an cicciɓi baron. Ya riƙe hannun baron gam yana roƙo, suna ja yana ja, har wani jami'i ya zame ya faɗi, rigarsa ta yage. Nan aka tura Yamusa cikin mota.

Kotun tafi-da-gidanka aka kai shi, a ƙarƙashin wata rumfa. An jera masu talla a benci, ana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kansa, magatakarda ya karanta wani abu da Turanci da sauri kamar ana korarsa, sannan ya ɗago ya dube shi. Yamusa ya ga ana jiran amsa, sai ya rusuna ya ce, "Yes, sa."

Majistare ya sunkuya zai rubuta. Sai wata mata mai baƙar kwat ta miƙe daga gefe. Barista Rosemary ce, 'yar garin Sheda da ke bayan Abuja, wata shari'ar daban ta kawo ta. Ta nemi izini, ta juyo ta tambaye shi da irin Hausarta.

"Baba, ka ji abin da an karanta maka?"

"Wallahi ban ji ba, ranki ya daɗe."

"To me ya sa ka ce yes?"

"Na ga babban mutum yana kallona."

Wasu suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta yi wa majistare magana mai ɗan tsawo, sannan ta sake juyowa. "Baba, doka ya ce dole a gaya maka laifinka da yaren da kana ji, kuma a ba ka tafinta kyauta. Ba taimako ba ne, haƙƙinka ne. Kar ka amsa abin da ba ka gane ba."

Majistare ya soke abin da ya fara rubutawa, ya sa a nemo tafinta. Sai bayan azahar aka sami wani Malam Sale, aka rantsar da shi. A bakinsa Yamusa ya fara jin abin da ake tuhumarsa da shi: damun jama'a da ƙara, da kuma dukan jami'in gwamnati.

"Duka?" Ya dafe ƙirji. "Ni ban taɓa kowa ba! Barona na riƙe, abincin 'ya'yana ke ciki."

Barista Rosemary ta yi wa jami'in da ya faɗi tambayoyi a natse. Da wane hannu aka buge shi? A ina? Mutumin ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya yarda cewa santsi ne ya kwashe shi. Tuhumar duka ta faɗi.

Yamusa ya sami ƙarfin gwiwa. Ya ce a gaya wa alƙali, batun lasifika kuma ai doka ta ba shi 'yancin magana.

Sai aka kira wata ma'aikaciyar jinya mai suna Ikilima, wadda ta kai ƙarar. Da Hausa ta yi bayani, tana dubansa. Benen nan ƙaramin asibiti ne, tagar da ke saman bishiyar kuwa ta ɗakin masu haihuwa ce. Akwai wata da jininta ya hau, likita ya ce lallai ta sami barci, amma tun safe har la'asar muryarsa na kanta. Sun aika maigadi ya fi a ƙirga.

Yamusa ya sunkuyar da kai. Ya tuna matarsa Zulai, da irin wuyar da ta sha a haihuwarta ta ƙarshe.

Majistare ya yi magana, Malam Sale na fassarawa. "'Yancin magana naka ne, ba mai ƙwace maka shi. Amma kundin da ya ba ka shi, shi ne ya yarda a taƙaita shi saboda lafiyar jama'a da haƙƙin wasu. Ka amsa wannan laifin ko ba ka amsa ba?"

"Na amsa, ranka ya daɗe. Yanzu na san abin da nake amsawa."

Aka yanke masa sharar titi ta yinin, aka ce a mayar masa da baro da magunguna, lasifika kuwa ta zama ta hukuma. Kafin ya juya ya yi godiya, Barista Rosemary ta riga ta tare tasi, an kira ta a wata kotun. Ikilima kawai ya tarar tana gyara jaka.

"Malama, matar nan fa?"

"Ta sauka lafiya shekaranjiya. Mace aka samu."

"Alhamdulillahi. Don Allah ki ce mata mai maganin nan ya ce ta yafe masa."

Ta ce za ta faɗa.

Washegari ya tura baronsa can kusa da tashar mota, tayar na karkacewa saboda jan da ta sha. Da bakinsa ya yi talla. Kafin la'asar muryar ta dishe, cinikin ma bai kai na da ba. Wani direban bas da ya sayi maganin shawara ya ce masa ya riƙa zuwa da wuri, lokacin da fasinjojin unguwar Nyanya ke sauka, ya kuma nuna masa inda zai tsaya.