Karen da ke Ƙarƙashin Keken Ɗinki

"Wane kare? Ni ban ga kare ba," in ji Tela, yana taka keke kamar an sa shi tsere.

Ƙarya ya sharara. Karen maƙwabcinsa yana kwance a ƙarƙashin teburin, bayan tulin ƙyallaye, numfashinsa na ɗumama masa idon sawu. Tela kuwa mutum ne da in ya hango kare sai ya sake hanya.

Babban ɗan maƙwabcin yana tsaye a ƙofar shago da igiya a hannu.

"Kawu, ga wutsiyarsa nan a waje."

"To, ka gan ta. Ba inda za shi."

"Yarana suna wasa a tsakar gidan nan. So kake su ma cikinsu ya kumbura kamar na Baba? Wurin likitan dabbobi zan kai shi, a yi masa allura ya huta, mu ma mu huta."

Yaron bai faɗi ƙarya ba, amma Tela bai matsa daga kan keken ba.

Maƙwabcin nan, Baban Daji ake ce masa, a gadin gandun daji ya ƙare ƙuruciyarsa. Har da tsince wa masu bincike kashin dila da na yanyawa ya yi, ana duba wata tsutsar ciki mai kama da tsila. Tela ya sha tsokanarsa a kan wannan sana'a. Yanzu ga shi kwance, ƙwan tsutsar ya shige shi tun tuni ya ci masa hanta, an ce aiki ma ba zai yi amfani ba.

Da yamma Tela ya kulle karen a shago ya shiga duba maƙwabcin. Ɗakin na warin magani. Tsohon ya zabge, sai ciki a gaba.

"An ce ka yi ɗan haya," in ji Baban Daji da ƙyar, yana murmushi.

"Ɗan haya mai wari. Gadon ubangidansa ya yi."

Dariya ta sarƙe tsohon, sai da ya huta ya ci gaba.

"Lokacin da na fara aiki, sai bayan duwatsu ake samun tsutsar nan. Ta gangaro kogi, ta tsallako gonaki. Yanzu diloli har bolar bayan layinmu suke zuwa. Ni ban sani ba, ko a daji na ɗauka da hannuna, ko karen ne ya kawo mini a gashinsa. Yaron nan yana da gaskiya. Kada karen ya sake shigowa gidan nan." Ya kamo hannun rigar Tela. "Amma kada a kashe mini shi. Ƙwayar magani ce za ka ba shi, duk wata. Ka hana shi zuwa bola, ka riƙa wanke hannu."

"Ni? Ni da ko inuwarsa ba na so?"

"Kai ɗin."

Tausayi ya cika Tela, ya ce to.

Baban Daji ya cika da hantsin wata Laraba, Tela yana riƙe da ƙafarsa. Aka kai shi, aka dawo.

Bayan an watse, Tela yana tsugune a shago yana fama da karen. Ya tura masa ƙwayar ya tofo, ya ɓoye ta a nama ya cinye naman ya bar ta. Sai inuwa ta rufe ƙofa. Babban ɗan ne. Tela ya tare karen da jikinsa.

"Ɗana, ka bari ƙasar kabarin ta bushe mana."

Yaron ya shigo shagon. Ya durƙusa, ya sa kan karen tsakanin gwiwoyinsa, ya buɗe masa baki da yatsu biyu.

"Jefa can ciki, Kawu. Haka Baba yake yi."

Tela ya jefa. Yaron ya rufe bakin, yana shafa maƙogwaron har karen ya haɗiye. Bai sake shi ba. Sai ga hawaye suna sauka har gemunsa. Ya ɗaga hannu zai share, ya ga duk gashi da yawun kare ne, ya tsaya da shi a sama.

Tela ya wanke nasa hannun da sabulu, ya zaɓo ƙyalle mafi laushi a cikin tulin, ya share masa fuska.