Filtar Darakta

Darakta ya ce shi da ido kawai yake gane filtar da aka ɗauki hoto da ita. Ya ce ko hoton fasfo ka miƙa masa, kallo ɗaya zai yi ya gaya maka. A falo ya faɗi haka yana kaɗa ƙafa. Matarsa tana ninke kayan yara, ta ce, "Haka ne," ba ta ko ɗago ba.

Darakta mijin yayar Auta ne. Babu wanda ya taɓa ganin fim ɗin da ya shirya, shi ya raɗa wa kansa sunan, sunan kuma ya bi shi. Yana da wata ƙatuwar kyamara a saman durowa, cikin jaka, jakar cikin leda.

Ita Auta a waya ta koyi hoto, kyamararta 'yar gwanjo ce. Aikin farko da ta samu a shagon wani dattijo mai sayar da agogo ne. Yana son hotunan kayansa don ya sa a intanet, amma ya ce ba za a fito da agogo daga akwatin gilashi ba, tun ranar da ɗaya ya yi ƙafa. Duk hoton da ta ɗauka, fuskarta ce ke fitowa a gilashin, da ƙwan lantarki, da fankar sama.

"'Yata, agogo nake sayarwa, ba fuskarki ba," in ji dattijon. "Ki gyara. In ya yi kyau, duk kayan da suka iso ke za ki riƙa ɗauka. In bai yi ba, in nemi wani."

Ta bincika, ta gano filta take buƙata, wato ɗan zagayayyen gilashin da ake murɗawa a bakin kyamara. Da za ta je saye, Darakta ya sa hularsa ya biyo ta, ba a gayyace shi ba.

Mai shagon kayan hoto ya jera mata guda uku. "Wannan fara tas, kare bakin kyamara kawai take yi daga ƙura. Wannan mai duhun, hasken rana take ragewa. Wannan kuma juya ta ake yi, ta kashe ƙyallin gilashi."

Auta ta miƙa hannu ga mai juyawar. Darakta ya ture hannun.

"Ta 'yan koyo ce."

"Yaya, ai ni 'yar koyon ce."

"Shi ya sa ba ku ci gaba. Mu je gida, in ara miki tawa. Irinta ba ta zuwa kasuwa."

A gida ya hau kujera, ya sauko da jaka, ya kwance leda, ya fito da filtar a wani ɗan akwati mai laushin ciki. Ya ce ta karɓa da hannu biyu. Ta karɓa da hannu biyu.

Washegari a shagon agogo ta buɗe akwatin, ta gwada filtar a bakin kyamararta, ta dube ta, ta mayar. Ta koma wurin mai kayan hoto, ya duba lambar faɗin bakin kyamarar, ya ba ta mai juyawa daidai da ita. Ta dawo ta tsaya ta gefen akwatin, ta sa ido tana juya filtar a hankali. Fankar ta ɓace daga gilashin, ƙwan lantarkin ya dushe, agogunan suka fito har da 'yan ƙananan rubutunsu.

Ranar da za ta nuna hotunan, Darakta ya sake sa hula.

Dattijon yana duba su a waya yana gyaɗa kai. Darakta ya leƙa ta kafaɗarsa, ya runtse ido ɗaya.

"Ka gani ko, Baba? Aikin filtata ne wannan. Ko cikin hoto dubu zan gane ta. Dubi yadda baƙin ya zauna. Da wancan tarkacen na 'yan koyo ta sa, da ka ga shirme."

"Au, taka ce ta yi aikin?"

"Ita yarinya maɓalli kawai ta danna."

Dattijon ya ajiye waya, ya shafa gemu. "To ai gara in ba mai kayan aikin kawai. Darakta, sabbin kaya suna hanya, kai za ka ɗauka?"

Darakta ya gyara hula, ya ce sai ya duba lokacinsa, amma ba komai, saboda Baba.

Auta ta dubi yayan nata, ta dubi agogunan. Ta kwance filtar da ke bakin kyamararta ta ajiye a kan gilashi, ta fito da ɗan akwatin mai laushin ciki, ta miƙa wa Darakta da hannu biyu, ta haɗa masa da kyamarar.

"Yaya, ɗan ɗaura mini ita, Baba ya ga yadda ake yi."

Darakta ya hura filtar, ya goge ta da gefen riga, ya kai ta bakin kyamarar, ya murɗa. Ba ta kama komai ba. Ya juya ta ɗaya gefen, ya sake murɗawa. Duk bakin kyamarar ya shige cikin zoben filtar, ga fili ya rage ta ko'ina, tana lilo kamar awarwaron babba a hannun jariri.

Dattijon ya sa tabarau, ya sunkuyo ya duba da kyau.

"Darakta," ya ce, "wannan ai ba ta shiga."