Lasisin Maman Happiness

"Ja shi ya miƙe, Maman Naila. In ya yi ciki, awon ya ɓaci."

Fatsuma, wato Maman Naila, ta danne bakin tef ɗin awo a kusurwar katanga, tana kallon maƙwabciyarta Susanna, wadda duk unguwar Muchia ke kira Maman Happiness, tana jan ƙafa zuwa ɗaya kusurwar. Ƙafafun sun kumbura har silifas ya ƙi shiga sosai.

"Mita goma sha ɗaya da rabi. Rubuta."

Fatsuma ta rubuta. Da ta ɗago, sai ta ga Susanna ta zauna a kan turmi, ta dafe ƙirji, tana jan numfashi kamar wadda ta hau dutse.

"Wallahi yau sai asibiti."

"Bayan Juma'a."

"Haka kika ce wancan makon."

"Wancan makon ba a sa mana ranar miƙa rahoto ba."

Shekara ashirin da biyu Susanna tana dillancin gidajen haya, tun rasuwar mijinta. Daga Chikaji har Samaru babu lungun da ba ta sani ba: gidan da rijiyarsa ke ƙafewa da bazara, da layin da ruwa ke ci in damina ta yi nisa. Ba ta taɓa ɓoye wa mai neman ɗaki aibin gida ba. Sai ga shi bara waccan, wani mai gidaje da ta yi wa hidima shekara goma sha biyar ya gina sabbi, ya miƙa su ga wani matashi mai ofis. "Ba laifinki ba ne," in ji shi, "amma shi yana da lasisi."

Ranar Susanna ta yi kukanta a ɗakin Fatsuma. Bayan wata biyu ta sayi fom, ta shiga ajin Asabar a wata kwaleji a Samaru, inda ake koyar da kula da gidaje da yi musu ƙima, matakin farko na neman lasisin. Tana da shekara hamsin da shida, tana zama cikin sa'o'in 'yarta. Aikin ƙarshe shi ne kowa ya auna gida guda, ya rubuta rahoton ƙimarsa. Ta zaɓi gidan su Fatsuma, don ta ce nata ta san shi fiye da kima, za ta yi masa son kai.

Da yammar nan Fatsuma ta faki ido ta buga wa Happiness waya a Kaduna, inda take koyarwa. Washegari Laraba yarinyar ta iso da hantsi, ta ga ƙafafun uwarta, ba ta ko ajiye jaka ba ta tare keke.

"Kin ci amanata, Maman Naila," Susanna ta ce ana sa ta a ciki.

"Na ci. Ki warke ki rama."

A asibiti aka ce zuciya ce, kuma an makara. Susanna ta saurari likita har ya gama, sannan ta sa aka ɗauko fayil ɗin rahotonta. Saura shafi ɗaya. Tana faɗa, Happiness na rubutawa, tana tsayawa ta huta tsakanin jimla da jimla. Da aka zo kan rufi ta juyo wajen Fatsuma.

"Zan rubuta cewa kwanon ɗakin tsakiya yana yoyo. Kada maigidanki ya ji haushi."

"Rubuta. Ko ya ji kunya ya gyara."

Susanna ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ta sa hannu a ƙasan shafin, ta tura wa Fatsuma fayil ɗin.

"Ke za ki kai. Ofishin Malam Callistus, kafin sha biyu. Happiness ba za ta bar nan ba."

Ranar Alhamis, ana kiran la'asar a masallacin asibiti, Susanna ta cika. Fatsuma na riƙe da kofin ruwan da ta nema ba ta sha ba.

Safiyar Juma'a gidan ya cika da matan zumunta na cocinsu, suna waƙa a hankali. Fatsuma ta aika da kunu da tabarmi, ta zauna kaɗan kusa da Happiness, sannan ta yafa mayafi ta fita da fayil a hammata. Ba ta taɓa shiga kwalejin ba. Sau uku tana tambaya kafin ta sami ofishin. Ɗalibai sun yi layi a ƙofa, kowa da nasa.

Malam Callistus, wani siriri mai furfura, ya karanta sunan da ke bangon fayil ɗin ya yi murmushi.

"Mama ta aiko ki? Ina take? Yau ba ta zo ta gyara mini karatu ba?"

"Ta rasu jiya, Malam."

Ya cire tabarau ya ajiye. Wata ɗaliba da ke bakin ƙofa ta ce, "Mama Susanna?" ta toshe baki da hannu. Maganar ta bi layin har ƙarshensa, surutu ya mutu.

Malamin ya buɗe rahoton yana juya shafuka a hankali. "Na taɓa koya musu yadda ake ƙimar fili," ya ce, "ta ɗaga hannu ta ce littafina bai san inda ruwa ke kwanciya ba. Gaskiyarta ce. Tun ranar nake tambayarta."

Fatsuma ta gyara mayafi. "Malam, yanzu za a ba ta takardar? Ko don 'yarta ta ajiye."

Ya rufe fayil ɗin.

"Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Saura jarrabawa ɗaya, kuma ba a ba wanda bai zauna ba. Amma wannan zan duba shi kamar na kowa, in ba shi makin da ya ci."

Ya miƙo mata rajista. Ta nemo sunan Susanna, ta rubuta nata a gefensa da rubutunta na 'yar firamare.

A hanyar komawa bas ta tsaya a Hanwa tana sauke fasinja. Fatsuma ta leƙa ta taga. A jikin wata katanga an rubuta da shuɗin fenti, AKWAI ƊAKIN HAYA, a ƙasa kuma lambar waya. Lambar Susanna ce, ta san ta kamar sunanta. Wata matashiya mai goyo na tsaye a gaban katangar, tana duban lambobin tana danna su ɗaya bayan ɗaya. Ta kara wayar a kunne, ta gyara goyonta, tana jira.

Kwandasta ya buga ƙofa, bas ta tashi.